"Allah Zai Yi", To Kai Me Ka Yi?

Ka ɗan sam mini fili in amayar da wata magana da ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya. Maganar ta fi shafar mu mabiya Almasihu da ke zaune a unguwar nan, amma tunda katangarmu ɗaya da 'yan'uwanmu Musulmi, layinmu ɗaya a bakin burtsatse, kuma lokaci ɗaya ake ɗauke mana wuta, na san su ma ba za su rasa abin tsinta ba. Wanda na taka wa ƙafa ya yi haƙuri. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba.

Akwai wani yaro, ɗan aminina ne, tare muka yi kiwo da ubansa a ƙasar Malumfashi. Yaron ya zo Abuja, ya shekara biyu yana koyon sa tayil a hannun wani maigida, kuma ya iya, don na ga aikinsa da idona. Da ya sami 'yanci, uban ya sayar da buhunan masarar da ya kamata su ci har kaka, ya aiko masa da kuɗin sayen injin yanka da sauran kayan aiki. Ni da kaina na raka shi kasuwar Dei-Dei muka ji farashi, muka rabu a kan zai koma ranar Litinin ya biya. Litinin ta wuce, wata Litinin ta wuce. Da na tsare shi na ce, "Ɗana, ina inji?" sai ya sunkuyar da kai ya ce, "Baba, ai na shuka kuɗin."

Ashe daren Juma'a ya je kwanan addu'a inda aka gayyato wani baƙon mai wa'azi. Wajen ƙarfe uku na dare, bayan an sha kiɗa an yi gumi, mutumin ya ce an nuna masa akwai saurayi a wurin da ke riƙe da wani kuɗi, in ya shuka shi a daren, cikin kwana 21 zai ga buɗi. Yaro ya zaro waya ya tura duka. Yau wata bakwai ke nan. Mai wa'azi ya ƙara gaba, yaron kuwa yana tsayuwa bakin titi da asuba yana jiran motar da za ta kwashi leburori.

Ba a nan abin ya tsaya ba. Jaririyarsu ta kama zazzaɓi, shi da matar suka yi kwana uku suna shafa mata man da suka sayo a wancan taro, wai kai ta asibiti alamar shakka ce. Wata Hajiya maƙwabciyarsu ce ta leƙo, ta ga idon yarinya ya kakkafe, ta fizge ta ta goya, ta tare keke sai asibiti. Zazzaɓin cizon sauro ne, har sai da aka ƙara mata jini. Yarinya ta rayu, mun gode Allah. To ran Lahadi ina zaune aka tashi ba da shaida a majami'a, aka gode wa Ubangiji, aka yabi man shafawa, aka tafa. Hajiyar nan da ta biya kuɗin keke, da ma'aikaciyar jinyar da ta kwana a tsaye, da wanda ya ba da jininsa, ko a cikin tari ba a ambace su ba. Ranar ne na ce sai na yi wannan rubutu.

Jama'a, mu kira abu da sunansa. Lalaci ne da kwaɗayi aka ɗinka musu rigar coci ake ce musu bangaskiya. Kuma kalmar da suke fakewa a bayanta ita ce "Allah zai yi." Kuɗin haya ya ƙare, Allah zai yi. Yaro ya faɗi jarrabawa sau uku bai taɓa buɗe littafi ba, Allah zai yi. Magidanci yana kwance har hantsi domin ya kwana yana ɗaure aljanun da suka hana shi arziki, shagonsa a rufe, masu ciniki sun koma na kusa da shi, Allah zai yi. E, Allah mai yi ne, ban taɓa shakka ba. Tambayata ita ce: hannuwan nan biyu da ya manna maka a kafaɗa, ado ne?

Na san abin da wasu za su ce. Za su ce tsohon nan ya fara koyar da ceto ta wurin ayyuka, ya manta da alheri. To ku tsaya mu bambance aya da tsakuwa. Ceton rai kyauta ce, babu wanda ya isa ya saye shi da guminsa. A kan wannan ne Agustin, bishop na Hippo da ke ƙasar Aljeriya ta yau, ya yi ta fafatawa da wani malami mai suna Felajiyus, wanda ya ɗora nauyin zama adali a kan ƙoƙarin mutum, har majalisar ikkilisiya da ta zauna a Kartaj a shekarar 418 ta yi watsi da koyarwar Felajiyus. A kan wannan ne kuma Martin Luther ya tayar da ƙura a Jamus a 1517. Kuma ku lura da abin da ya fusata Luther: masu yawo gari-gari ne suna karɓar kuɗin talakawa da alkawarin za a sassauta musu hukunci. Wato wanda ya ce maka ka tura dubu hamsin Allah ya buɗe maka hanya cikin kwana 21, shi ne ya mai da alheri hajar kasuwa, shi ne ya kamata a tuhuma da manta alheri. Ni abin da nake faɗa bai wuce wannan ba: ceto daban, tuwon dare daban. Wanda ya cece ka kyauta, shi ne ya sa Adamu a gona ya ce ya nome ta ya kiyaye ta, tun kafin a yi zunubin farko. Aiki ya girmi la'ana.

Ku buɗe Littafi Mai Tsarki ku nuna mini mutumin Allah ɗaya da ya naɗe hannu. Yusufu ya san fassarar mafarkin Fir'auna daga Allah take, amma shekara bakwai ya yi yana gina rumbuna yana tara hatsi. Nehemiya ya yi azumi da kuka saboda garun Urushalima, sannan ya je gaban sarki ya nemi takardun izini da katako, ya zaga garun da dare ya ga inda ya rushe, ya raba wa kowane gida nasa yankin, ya kuma sa masu gadi, har magina suna aiki da makami a ɗaure a gindi. Cikin kwana 52 aka gama. Rut ba ta zauna tana jiran Bo'aza ya faɗo daga sama ba, kala ta fita yi cikin rana. Gwauruwar nan da masu bin bashi za su kwashe wa 'ya'ya, da ta je wurin Elisha, abin da ya fara tambayarta shi ne me take da shi a gida. Ya sa ta bi maƙwabta aron tuluna, ya sa ta sayar da man ta biya bashi. Ku lura fa, annabin bai karɓi ɗan man da ya rage mata a matsayin iri ba. Ko mannar da Isra'ilawa suka ci shekara 40 a jeji, sai an fita da sassafe an tsinta, kuma da suka shiga ƙasar da ake noma suka ci amfaninta, sai ta daina sauka.

Manzo Bulus fa? Maɗinkin tanti ne. A Koranti ya zauna gidan Akila da Bilkisu suna sana'a tare, don kada ya zama kaya a wuyan kowa. Da ya ji wasu a Tasalonika sun ajiye aiki suna yawon gidajen mutane da sunan ruhaniya, sai ya rubuta musu cewa wanda ya ƙi aiki kada a zuba masa abinci. Shi kansa Ubangijinmu Yesu a gidan masassaƙi ya tashi. Kuma ran da Shaiɗan ya kai shi ƙololuwar Haikali ya ce ya diro tunda mala'iku za su tare shi, ƙi ya yi, ya nuna wannan gwada Allah ne. To uban da ya bar jaririya tana suma kwana uku alhali ga asibiti a bayan layi, me ya yi in ba dirowa daga Haikali ba? Luka da ya rubuta mana Bishara guda da Ayyukan Manzanni likita ne. Da magani zunubi ne, da ba a ba likita alƙalami ba.

Mu bar nesa mu dawo gida. Mu Hausawa Kirista muna da tarihi, kuma tarihin nan bai san zaman banza ba. Likita Walter Miller na mishan ɗin CMS ya zauna a birnin Zariya tun 1905, daga baya wajen 1929 aka koma Wusasa. Me aka gina a Wusasa? Majami'ar St. Bartholomew, wadda magina Hausawa suka ɗaga da tubalin ƙasa, da makaranta, da asibiti. Uku ɗin nan tare suka tashi kamar duwatsun murhu. Shekaru aka kwashe ana gumi a kan fassara kafin cikakken Littafi Mai Tsarki ya fito da Hausa a 1932. Daga wannan gida aka sami Dakta Barau Dikko, likita na farko ɗan Arewa, wanda asibitin koyarwa na Kaduna ke ɗauke da sunansa yau. Daga nan aka sami Farfesa Ishaya Audu, ɗan ƙasa na farko da ya shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello, daga 1966 zuwa 1975. Janar Yakubu Gowon ma a Wusasa ya tashi. Iyayen mutanen nan masu addu'a ne ƙwarai, amma da gari ya waye allo da fartanya suke miƙa wa 'ya'yansu.

Haka mishan ɗin SIM, wanda ya haifi ECWA a 1954. Sun yi wa'azi, sun kuma wanke gyambon kutare a Yadakunya ta Kano, da Babbar Ruga ta Katsina, da Amanawa ta Sakkwato, sun buɗe asibitin Galmi a Nijar a 1950, wanda har gobe Hausawan ƙasashen biyu ke zuwa. A Maradi kuwa, wani ma'aikacinsu ɗan Ostareliya, Tony Rinaudo, ya yi ta dasa itatuwa suna mutuwa har ya kusa fid da rai. Shi da bakinsa yake ba da labarin cewa wata rana a 1983 ya tsaya a hanya ya roƙi Allah ya buɗe masa ido, sai ya lura cewa 'yan tsirran da ke warwatse a gonaki ashe kututturan itatuwa ne masu rai a ƙarƙashin ƙasa. Amsar addu'ar ke nan: an nuna masa aiki. Manoma suka riƙa sassabe rassan suna barin masu ƙarfi, suna kare su daga dabbobi da gatari, shekara da shekaru, har miliyoyin itatuwa suka dawo a kudancin Nijar. Da ya koma gida ya kwanta yana cewa Allah zai yi, da har yau rairayi ne.

To yaushe muka sauka daga wannan layi? Ni a ganina, tun ran da muka fara son girbi ba shuka, ko kuma muka sauya wa kalmar shuka ma'ana. Wanda aka saba masa da cewa dubu goma za ta zama dubu ɗari in ya ajiye ta gaban bagadi, ba zai yi wuyar yarda da cewa za ta ninka a waya ba. Kun tuna MMM, wadda ta yi alkawarin ribar kashi 30 cikin ɗari a wata? Babban Bankin Nijeriya ya yi gargaɗi, aka ce baƙin ciki ne. A watan Disamba na 2016, ana shirin Kirsimeti, aka rufe asusun mutane, hukumar NDIC ta ce an yi asarar kimanin naira biliyan 18. An ce gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah, amma ina! A watan Afrilun 2025 sai ga CBEX ta sake kwashe na mutane. Kuma mu faɗi gaskiya, sau da yawa a ƙofar majami'a bayan an tashi sujada ake raɗa wa mutum irin waɗannan hanyoyi, ɗan'uwa ya jawo ɗan'uwa, har a ce "buɗi ne daga Ubangiji." Banza ba ta kai zomo kasuwa, kwaɗayi kuwa mabuɗin wahala ne, ko an yi masa addu'a ko ba a yi ba.

Wani zai ce, "Baba, kana magana kamar ba a ƙasar nan kake ba. Ina aikin yake?" Wannan ƙorafi yana da ƙafa, ba zan raina shi ba. Tun da aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayu, 2023, kuɗin mota daga Nyanya zuwa cikin gari ya zama abin da ake lissafi kafin a fita. Mafi ƙarancin albashi naira 70,000 ne tun 2024, kowa kuma ya san inda yake ƙarewa kafin tsakiyar wata. Mun ga rusau, mun ga an hana acaɓa shiga tsakiyar birni tun 2006. Ba mu manta da mutum goma da suka rasu a turmutsitsin rabon abinci a wata majami'a a Maitama ranar 21 ga Disamba, 2024 ba. Yunwa gaskiya ce, kuma wanda ya fita ya nema bai samu ba, ba da shi nake ba. Shi hakkinsa ne a kanmu mu tallafe shi. Amma wannan tsanani shi ne babban dalilin da ya sa bai kamata a raba talaka da ɗan jarinsa ba. In ƙasa ta yi zafi, wanda ya karɓe maka takalmi ya ce ka taka da bangaskiya ba masoyinka ba ne. Kuma in shugabanni sun gaza, katin zaɓe da zuwa taron unguwa da tambayar kansila ina aka kwana, su ma aiki ne. "Allah zai yi" ta fi yi wa azzalumin shugaba daɗi fiye da kowa, don ta sallame shi.

Kada kuma masu ƙoƙari su ji daɗi su ce yau an yi wa ragwaye wankin babban bargo. Akwai ɗaya cutar, ita ma tana nan a unguwar nan. Mutum ya sami kwangila biyu, ya sayi fili a Kurudu ko Mararaba, shi ke nan sai ka ji yana cewa "da ƙarfina na tara." Ya daina zuwa sujada sai ran bikin godiya, ya zo a gan shi. Ya danne kuɗin leburori, in an yi magana ya ce su ma su je su sha wahalar da ya sha. Wannan ya manta da misalin da Yesu ya bayar na mai arzikin da gonarsa ta yi albarka, ya shirya rushe rumbuna ya gina manya, a daren kuma aka karɓi ransa. Waɗanda suka fita neman abinci da safiyar 14 ga Afrilu, 2014 suka gamu da bam a tashar Nyanya, akwai wanda ya fi su sammako? Manomi yana huɗa, yana shuka, yana noman farko da maimai, amma bai taɓa saukar da ɗigon ruwa ɗaya ba. Malalaci da mai girman kai duk hanya ɗaya suka ɓata: ɗaya ya mai da Allah bawansa, ɗaya ya sallame shi daga aiki.

A nan dole in yaba wa maƙwabtanmu. Malamansu suna karantar da cewa tawakkali shi ne ka ɗaure raƙuminka tukuna sannan ka dogara ga Allah. Dubi mai shayin bakin layinmu: ya yi sallar asuba, kafin ƙarfe shida ruwansa ya tafasa. Dubi 'yan ga-ruwa, da masu faskare, da masu wankin takalmi da suka baro Katsina da Zamfara da buhu ɗaya, yau wasunsu su ke ɗaukar yara aiki. Su ma suna da nasu masu fakewa da ƙaddara, suna da nasu masu cin kuɗin jama'a da sunan addu'a, malamansu kuma suna fama da su. Cutar ba ta san coci ko masallaci ba. Ni dai na gidanmu nake sharewa. Kakanninmu tun kafin a raba mu gida biyu suke cewa Allah ya ce tashi in taimake ka, kuma zomo ba ya kamuwa daga zaune.

Saboda haka ga roƙona. Fastocinmu da dattawan ikkilisiya, mun san yawancinku kuna fama da ƙaramin albashi cikin aminci, kada ku bari baƙin da ba a san asalinsu ba su hau bagadinku su yi wa tumakinku aski. Duk wanda zai sa wa albarkar Allah farashi da ranar biya, a karɓe makirufo. A duba yawan kwanan addu'a a tsakiyar mako, domin wanda ya kwana a tsaye ba zai iya riƙe guduma da safe ba. A ware wani abu daga baiko a sa matasa koyon sana'a a Kugbo ko Apo, a saya wa wanda ya gama kayan aiki, a kuma bi sawu. Iyayenmu na Zumuntar Mata, ku da kuka iya adashi tun ba yau ba, ku sa ido a kan masu jego: yaro ya yi zafi, a yi addu'a a bisa hanyar asibiti. Kuma in za a ba da shaida, a riƙa ambaton hannun da Allah ya yi amfani da shi, ko na Hajiya ne, ko na nas, ko na direban keke. Rashin godiya ga mutum ba ya ƙara wa Allah ɗaukaka.

Ku kuma samari, ku durƙusa da asuba ku roƙi Ubangiji da dukan zuciya, don ba don shi ba ko numfashi ba ku da shi. In kun ce amin, ku sa takalmi.

Shi yaron da na ba ku labari, mu biyar muka yi karo-karo muka sayo masa inji na hannu, da sharaɗin zai riƙa biya kaɗan-kaɗan a ba wani. Makon jiya ya kawo kason farko, hannunsa duk siminti. Uban can gida har yanzu bai san inda masararsa ta tafi ba, ni kuma na rasa bakin da zan gaya masa.

Wanda yake ganin na yi kuskure, fili a buɗe yake, ya rubuto a fitowa ta gaba, amma ya zo da aya. In kunne ya ji, jiki ya tsira. Allah ya ba mu zaman lafiya a unguwarmu, ya sa albarka a abin da hannuwanmu suka taɓa. Amin.

Naku,
Wani dattijo a unguwa